Ranar da Maharazu Ya Buga wa Roka Hatimi

Duk mai jin Hausa da ya zauna a unguwar Thamesmead ta London wajen shekarar 1994 ya san Malam Maharazu, ko yana so ko ba ya so. Shekara goma sha tara ya yi yana akawu a ofishin rajista na wata ma'aikata a Kaduna kafin ya taho London ya samu aikin gadin wurin ajiye motoci a Woolwich. Amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse har gobe shi ke riƙe da makullin gwamnati. Ranar da zai taho, mutane suna ta cusa kilishi da daddawa a akwati, shi kuwa abin da ya cusa shi ne abin huda takarda, da hatimi mai kwanan wata wanda ke cewa an karɓa, da kwalbar shuɗiyar tawada, da jan biro, da dami guda na igiyar fayil.

Babu takardar da ke shiga flat ɗinsa ta tsira da mutuncinta. Wasiƙar council ta hukumar unguwa ce, katin biki ne, kai har takardar tallan pizza da ake turowa ta ramin ƙofa, sai ya buga mata hatimi, ya huda ta a kusurwar hagu, ya ba ta lamba. Tawadar nan kuwa yana alfahari da ita kamar ɗiyarsa, wai ko da sabulun salo aka wanke ba ta fita. Matarsa Zinatu, wadda ke aikin dafa abinci a wata makarantar firamare, ta daɗe da ɓoye takardar aurensu a ƙasan buhun shinkafa.

Wata ranar Laraba da la'asar sai ga Mma Katumi ta hawo da gwangwanin biskit a rungume. Mutuniyar Tamale ce ta ƙasar Ghana, tana aikin shara a wani asibiti a Camberwell, kuma shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta Inusah. Mutanen unguwa sun san marigayin a matsayin tsoho mai wankin bas wanda hannunsa ya shanye. Ba su san cewa a ƙuruciyarsa ma'aikacin gidan waya ba ne, har ya haɗa rediyon kansa yana magana da mutanen ƙasashe masu nisa. Al'adar masu irin wannan rediyo ita ce in biyu sun yi magana, sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa kati ta gidan waya, ya rubuta rana da lokaci da yadda murya ta fito, shaida cewa an ji juna. Katunan da aka aiko wa Inusah ne a gwangwanin, guda arba'in da ɗaya.

Katumi ta zaro guda ta miƙa wa Zinatu. Ya yi ja-ja don tsufa, an zana roka a tsaye a tsakiyar hamada.

"Wannan daga Ostireliya ya zo, wurin da ake gwada roka," in ji ta da Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Wani baturiya ya aiko, sunanshi Eunice. Na ga poster a laburare na Woolwich, na shiga na tambaya, ashe yana nan London da rai! Shi ne sakatare na club ɗin su na masu rediyo. Ya duba littafinshi, ya ce katin da Inusah ya aika mishi yana nan. Ya ce ran Asabar suna da baje koli, in na kawo nashi zai ba ni na Inusah."

Ta goge ido da bakin mayafi.

"Zinatu, ba ni da rubutun hannun mutumin nan ko layi ɗaya. Na Tamale gara ya cinye, a nan kuwa sai dangwale yake yi. Wannan kati shi kaɗai ya rage a duniya."

Abin da ya kawo ta bai da yawa. Rufin flat ɗinta yana yoyo, kuma tana da aiki har safiyar Asabar, daga asibiti za ta wuce wurin taron. Tana so Zinatu ta ajiye mata gwangwanin ta taho da shi. Zinatu ta ɗora shi can saman wadirof, ta rantse ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Ta manta cewa bangon gidajen Thamesmead ba ya riƙe sirri, kuma mijinta yana ɗaki ya kasa kunne tun daga sallama.

Da safe Zinatu na fita aiki Maharazu ya taka kujera. Yana buɗe gwangwanin ya ji tausayi ya kama shi, ba na Katumi ba, na katunan. Shekara kusan arba'in, ba lamba, ba fayil, ba wanda ya sa hannu ya ce ya karɓa! A haka za a kai su gaban Turawa a ce daga Afirka suka fito? Nan take ya ga cewa Allah ne ya kawo aikin hannun mai shi. Zai gyara su a ɓoye, ran Asabar ya buɗe a bainar jama'a, Katumi ta yi kukan godiya, Turawa su nemi ya riƙa zuwa yana koya musu. Ya kwashe katunan, ya cika gwangwanin da tsofaffin takardun pizza don kada nauyi ya tona shi, ya mayar saman wadirof.

Bas ɗin da ya hau zuwa Woolwich, Kambai ne ke tuƙawa, mutumin Zonkwa, maƙwabcinsa na hawan ƙasa, wanda ya san shi tun yana hawa keke a Kaduna.

"Oga Rajista, yau ba yunifom?"

"Na yi booking ɗin hutun kwana biyu. Harkar sararin samaniya ce ta taso."

"Sararin samaniya? Kai da ba ka shiga lift in zai wuce hawa na huɗu?"

"Wannan matsalar kunne ce, likita ya sani. Ka zo zauren cocin nan na bayan kasuwa ran Asabar ka ga tarin katunan roka da ke hannuna. Turawan nan sun iya harba roka, ban musa ba, amma ba su iya fayil ba."

"To matsa baya, an hana magana da direba."

"Ni ba magana nake ba, sanarwa nake."

Kafin bas ya isa Woolwich, wata mata 'yar Ibadan da ɗalibai biyu 'yan Sakkwato sun ji cewa Maharazu ya taɓa ba masu harba roka shawara ta waya. A kantin kayan rubutu ya sayi fayil mai kwali da ledojin laminatin, domin a saninsa duk takardar da ke da daraja, daga satifiket zuwa katin haihuwa, leda ake manna mata. Mai kantin ya ce ledar ba ta kamawa sai da injinta.

"Injin nan me yake yi in ba zafi ba?" in ji Maharazu. "Zafi kuwa akwai shi a gida."

Ranar Alhamis ɗin nan ya yi aikin da bai taɓa yi wa gwamnatin Kaduna ba. Ya baje katunan a teburin cin abinci, ya ga wasu sun fi wasu faɗi, ya sa almakashi ya daidaita su. Ya juya hatimi zuwa kwanan watan ranar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, dam, dam, dam, har mutumin flat ɗin kusa ya buga bango. Sannan ya gano wani sakaci da ya sa shi riƙe baki. Kusan kowane kati, daga Ostireliya ne ko daga Amurka, an rubuta masa 73 a ƙasa.

"Takarda arba'in, lamba ɗaya!" ya ce shi kaɗai. "Da a ofishina ne da an yi wa wani query, takardar tuhuma."

Ya ɗauki jan biro ya soke duk wata 73, ya jera lambobi daga ɗaya zuwa arba'in da ɗaya kamar yadda hankali ya tanada. Katin Eunice kuwa, tun da shi ne babba, shi ya samu kulawa ta musamman. Hatimi gaba da baya. A kan hamadar ya rubuta da ja: An gani, a ajiye, ya sa hannu da cikakken sunansa har da tsohon muƙaminsa. Da ya zo hudawa, kusurwar hagu ita ce inda aka rubuta shekarar, amma doka doka ce. Ƙas! Shekarar ta faɗo kan tebur, ya hure ta.

Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ya jona dutsen gugar Zinatu. Ledar farko ta narke ta manne a gindin dutsen. Ya kankare da wuƙar yanka albasa, ya jawo mayafinta na zuwa biki ya shimfiɗa a kai, sai aiki ya fara tafiya, in dai ba za a damu da kumfa da ƙanƙancewa ba. Wasu katunan sun fito a murɗe, guda ya tafi da ƙwayar shinkafa a ciki. Na Eunice ya bari a ƙarshe, ya sa masa leda biyu don girmamawa, ya ƙure zafi, ya danna da duk ƙarfinsa yana ƙirga ɗari.

A sittin da wani abu ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Ta flat ɗinsa ta tayar da ta baranda, ta baranda ta tayar da ta bene gaba ɗaya. Mutane suka yi ta gangarowa, mai tawul, mai jariri, wata tsohuwa da kejin tsuntsu, wani da kumfar aski a rabin fuska. Maharazu ne ya fito ƙarshe, yana tari, fayil a ƙarƙashin riga, fasfo da takardun gida duk ya bar su a sama. Motar 'yan kwana-kwana ta iso daidai lokacin da Zinatu ta sauko daga bas. Wani jibgegen ma'aikaci ya hau, ya sauko riƙe da dutsen guga a hannu ɗaya, a ɗayan kuma abin da ya rage na mayafi.

"Wa ke dafa roba a hawa na uku?" ya tambaya da Turanci.

"Ba girki ba ne, aikin adana tarihi ne," in ji Maharazu.

"Mayafina!" in ji Zinatu. "Malam, mayafin da na sa sau ɗaya! Me ka goge?"

"Takardu masu muhimmanci."

"Waɗanne takardu suka rage a gidan nan da ba ka riga ka kashe ba?"

Kambai, wanda ya fito da singileti da cokali a hannu, ya ɗaga kai yana kallon hayaƙin da ke fita ta taga.

"Oga, an harba ke nan? Ban ji ƙirga ba."

Zinatu na shiga gida ta taka kujera ta taɓa gwangwanin. Yana nan, da nauyinsa. Ta yi hamdala, ta koma kan maganar mayafi, wadda ta kai su har bayan isha'i.

Ran Asabar Maharazu ya sa babbar riga ruwan madara da hula zanna, ya zuba hatimi da abin huda a aljihu saboda ko-ta-kwana. Zinatu ta rungumi gwangwani, shi ya rungumi wani ƙunshi a cikin ledar kanti, suka zauna a kujeru daban-daban a bas. Zauren cocin cike yake da tsofaffin Turawa masu rigunan sanyi, kowa a bayan teburinsa, katuna a jere, ana ɗaukarsu da ɗan hantsaki kamar ana cire ƙaya. Kambai ya zo da matar nan 'yar Ibadan da ɗaliban Sakkwato, wai kada a ba su labari.

A bakin ƙofa wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi tana zuba shayi. Maharazu ya miƙa mata lemarsa.

"Ajiye min wannan, Mama. Sukari uku. Sannan ki sanar da shugabannin wurin cewa ƙwararren ya iso."

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau, ta karɓi lemar, ta jingine ta a bango. Sai ga Katumi ta shigo da sauri, rigar aiki a ƙarƙashin mayafi. Tana ganin mai shayin ta kama hannunta biyu.

"Madam Eunice! Ga ni, na kawo."

Maharazu ya ɗan yi tari, ya ce da ma ya gane ta, gwada ta yake yi.

Aka ba su tebur. Eunice ta buga cokali a kofi, ta gaya wa jama'a cewa yau akwai baƙuwa, matar wani da ita Eunice ta yi magana da shi ta rediyo daga hamada tana da shekara ashirin da shida, lokacin tana cikin masu auna tafiyar roka. Tsofaffi suka taso suka kewaye. Zinatu ta ajiye gwangwani, Katumi ta yi bisimilla ta buɗe.

Pizza. Mai naman kaza, mai abarba, saya ɗaya a ba ka ɗaya. Kowace takarda da hatiminta da lambarta.

Katumi ta dubi Zinatu. Zinatu ba ta dubi kowa ba sai mijinta, shi kuwa ya riga ya gyara wuyan riga ya matso gaba.

"Jama'a, a kwantar da hankali, ba abin da ya ɓata," ya ce da Turancin ofis. "Na samu waɗannan takardu cikin mummunan hali, na ɗauki nauyin ceto su. Abin da za ku gani yanzu shi ne yadda ake yi a inda aka san aiki."

Ya zare leda, ya kwance igiya, ya buɗe fayil.

Wani dogon tsoho mai sanda ya lalubi kujera ya zauna. Katunan suna ƙyalli kamar kifi a faranti, an zarge su da igiya ta kusurwa, kowanne da shuɗin hatimin 1994 a fuska. A saman su duka ga na Eunice. Zafi ya ja ledar, rokar ta lanƙwashe kamar ayaba, hancinta yana kallon ƙasa, ga kuma sawun dutsen guga baƙi ƙirin ya rufe rabin hamadar.

"Wa ya yanke gefen wannan?" in ji wani mai gemu. "Lambar tashar tana nan a da!"

"Ya fi 'yan'uwansa faɗi."

"Ya soke saba'in da uku!" in ji dogon tsohon daga kujera. "Duka! Bawan Allah, saba'in da uku gaisuwa ce. A wurinmu ma'anarta fatan alheri."

"To me ya hana ku rubuta fatan alheri? Tawada ce ta ƙare?"

"Ina shekarar?" Eunice ta tambaya a hankali, ta sa ɗan yatsa a ramin.

"Tsohuwar shekarar ta faɗa layin huda. Amma ga sabuwa nan na buga, ta fi fitowa."

"A cire ledar mana," in ji ɗaya daga ɗaliban Sakkwato.

"Ba ta ciruwa," in ji mai gemu. "In ka ja, da rubutun za ta taho."

"Kun ji ko?" Maharazu ya juya ga Kambai da Hausa. "Shi da kansa ya ce ba ta ciruwa. Aiki ke nan."

"Oga," in ji Kambai, kuma wannan karon ba dariya a bakinsa, "dubi Mma Katumi."

Katumi ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Tana tsaye tana shafa ledar da tafin hannu, tana neman inda za ta taɓa takardar da mijinta ya taɓa, babu. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa kuka. Ta san sharaɗin, in ta kawo na Eunice a ba ta na Inusah, kuma abin da ke gabanta ba kati ba ne yanzu. Ta rufe gwangwanin pizza, ta ce wa Eunice ta yi haƙuri da ɓata mata lokaci, ta juya za ta fita. Zinatu ta rufe fuska da mayafin aro don kunya. Shi kuwa Maharazu sai waige-waige yake yi, yana neman shayin nan da har yanzu ba a kawo ba.

"Dakata," in ji Eunice. Ta kwance igiyar, ta zare katinta, ta ɗaga shi sama tana juyawa. "Shekara talatin muna gaya wa sababbin mambobi abubuwan da ba a yi wa tsohon kati. Kada a huda, kada a yanke, kada a yi rubutu, kada a kusanta da zafi. Ban taɓa ganin wanda ya haɗa su duka a kati ɗaya ba, har ya sa hannu. Na karɓa. Za mu rataye shi a bangon club, kowa ya shigo ya fara da shi."

Zauren ya fashe da dariya, dogon tsohon har yana buga sanda a ƙasa. Maharazu ya washe baki yana ɗaga hannu ta ko'ina.

"Bango, Kambai! Ka ji da kunnenka! Kuma da ban huda ba, da me za su rataya?"

Eunice ta buɗe jakarta ta fito da ambulan, ta zaro wani ɗan kati fari mai zanen bishiyar kuka, tsaf da shi kamar jiya aka aiko. Rubutu ne siriri mai kwanciya dama. Katumi na ganinsa ta dafe tebur. Eunice ta miƙa mata da hannu biyu.

"Madalla!" in ji Maharazu. "To kafin ya shiga hannu, a kawo a yi masa rajista."

Ya zaro abin huda daga aljihu ya miƙa hannu.

Ba a taɓa sanin tsofaffin nan suna da sauran gudu ba. Dogon ya maƙalo wuyan hannunsa da ƙugiyar sanda, mai gemu ya rungume shi ta baya, Kambai ya kama ƙafa, matar Ibadan tana dukansa da jaka tana kiran sunan Yesu. Tebur ya kife, pizza ta watse. A cikin kokawar abin hudar ya kama hannun babbar riga, ƙas, ƙas, ƙas, ya yi mata layi. Hatimi ya faɗo ya gangara har gaban Zinatu. Ta sunkuya ta ɗauka, ta duba kwanan wata ta gyara shi zuwa na ranar, don ita ma zaman shekara ashirin ya koya mata aiki. Ta ture hular da yatsa, ta dafa ƙeyarsa, dam, a tsakiyar goshi.

"An karɓa," ta ce wa Kambai. "A ajiye shi a waje."

Suka fitar da shi kamar buhun gero, aka miƙo masa lemarsa, aka sa sakata. Ya tofa yawu a hannun riga ya goge goshi, ya sake gogewa. Tawadar ta cika alkawarin da ya daɗe yana yi mata. Masu zuwa kasuwa suna wucewa suna karanta shi. Ya zagaya ta gefen zauren ya samu taga a buɗe, ya ɗage ya leƙa.

A ciki an zaunar da Katumi, katin yana tafin hannunta. Ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu yau, ko Madam za ta karanta mata. Eunice ba ta ko duba ba, ta haddace shi tun tuni.

"Tamale, watan Maris, 1958. Na ji ki sarai, kamar kina ɗakin nan. Ki gaishe da rokokinku. Ba za ki ji ni wata mai zuwa ba, aure zan yi. Sunanta Katumi, kuma ta fi rediyo daɗin murya. Saba'in da uku. Inusah."

Sai a lokacin kukan ya zo. Ta yi shi sosai, tana dariya a ciki, Zinatu na riƙe da kafaɗarta, tsofaffin Turawa kowa ya shiga neman hankicinsa. Shekara talatin da huɗu suna tare, mutumin nan bai taɓa gaya mata haka da bakinsa ba, ashe ya gaya wa Ostireliya.

"Mma Katumi!" aka kira daga taga. Fuska ce mai kwanan wata a goshi. "Kina ɗiga masa hawaye! Shawara ce kyauta, a sa masa leda kada ya lalace. Akwai sauran guda tara a gida."

Katumi ta share ido, ta mayar da katin cikin ambulan, ta cusa shi cikin rigarta ta dafe da hannu.

"Malam Maharazu, wannan ya yi shekara talatin da shida ba leda, bai lalace ba. Waɗancan kwana biyu suka yi a hannunka."

Maharazu ya buɗe baki zai yi bayanin bambancin, Kambai ya miƙa hannu ya rufe tagar.